Sabon keke ne, amma dirayar baya ta karye: tambayoyi da amsoshi daga rumfar mai gyara a Maraɗi

Da can in aka ce keke a Maraɗi, baƙin nan ne mai kaca ɗaya da faifai ɗaya, Phoenix ko Raleigh, wanda mutum zai ɗaura wa buhun hatsi daga Tibiri ya shigo gari ba abin da ya same shi sai faci. Yanzu kekunan giya, masu bites kamar yadda wasunmu ke cewa, sun cika gari. Wasu sababbi ne fil daga kwali, wasu gwanjo. Abin da ya fi kawo sababbin rumfata kafin su cika wata guda shi ne ƙarfen nan da ke reto a gefen dama na ƙafar baya, mai 'yan tayoyi biyu da kaca ke ratsawa. Diraya ake ce mata, sunan daga Faransanci ya zo. Tambayoyin da ke ƙasa duk an sha yi mini su, wasu cikin fushi, wasu cikin ban tausayi.

Wai mene ne ma aikinta?

Aiki biyu take yi. Ita ke tura kaca daga wannan faifai zuwa wancan a haƙoran baya: in ka danna madannin giya ko ka murɗa shi, waya ta ja, diraya ta matsa ciki wajen babban faifai, in waya ta saki, sifirin ya dawo da ita waje. Sannan ita ke tattare rarar kaca. Kacar keken giya doguwa ce, don dole ta isa ta zagaye babban faifan gaba da babban na baya. In ka koma ƙananan faifai, hannun diraya ne ke naɗewa baya ya tsuke ragowar. 'Yar tayar sama ke nuna wa kaca hanya, ta ƙasa ke riƙe ta a ɗame.

Ba sabon abu ba ce, tun 1937 aka yarda masu tseren Tour de France su hau keke mai ita. Sai dai ba don yashin Maraɗi aka ƙirƙiro ta ba.

Keken bai yi sati biyu ba. Ta yaya sabon abu zai karye?

Kwanakin baya wani Alhaji ya shigo da ɗansa, yaron na jan jan keke mai giya 21, ko ledar sirdi ba a cire ba. Diraya ta shige cikin sifok, wato wayoyin ƙafar keke, ta murɗe kamar wuyan kaza, 'yar tayar ƙasa ta tsage biyu, kaca ta cusu a bayan babban faifai.

"Malam, duba mini abin nan. Yau kwana tara da saye, ya riga ya kashe shi."

Idon yaron ya yi jawur, da gani an gama yanke masa hukunci tun daga gida. Na ce masa, "Ɗana, me kake yi lokacin da ta karye?"

"Baba, daga wajen gulbi na hauro, na mayar da ita ta sauƙi, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, ƙafar ta tsaya cak."

Na juya keken na duba gefensa na dama. Ba ƙwarzane ko ɗaya, ba a feda ba, ba a kan keken ba, ba a jikin dirayar ba. Na sa sukudireba a ɗan notin da aka rubuta wa L, na same shi a warware, bai ma kai ga abin da ya kamata ya tokare ba. Na ce, "Alhaji, yaron nan ba shi da laifi. Wanda ya haɗa keken ne bai gama aikinsa ba."

Ga yadda abin yake. A jikin kowace diraya akwai ƙananan noti biyu kusa da juna, ɗaya H ɗaya L. Su ne iyakarta. H ke hana ta wuce ƙaramin faifai ta jefa kaca tsakanin haƙora da firam. L ke hana ta wuce babban faifai ta faɗa cikin sifok. Keke yana zuwa ne a kwali, rabinsa a haɗe, sauran sai an ɗaura a nan, kuma mai haɗawa in yana da goma a gabansa, ɗaura feda da kai da sirdi yake yi ya busa iska ya tura. Giyar ƙarshe ba wanda ya gwada ta. Mai keke zai yi kwanaki yana yawo a giyoyin tsakiya lafiya lau, ranar da ya fara neman ta sauƙi a hawa ko a cikin yashi, ranar ce diraya ke gamuwa da sifok. Ƙafar na juyawa, sifok ya kama hannunta ya yi sama da ita. Cikin ƙiftawar ido an gama.

Dalili na biyu, wanda ya fi wannan ɓuya, shi ne maratayi, wato ɗan ƙarfen da diraya ke ɗaure a jikinsa. Kwali ya sha jifa a jirgin ruwa da babbar mota, an danne shi da wasu kwalaye, maratayin ya ɗan lanƙwashe ciki tun kafin a buɗe. In ya karkace, ko an ɗaure L daidai a masana'anta, saitin ya tashi daga aiki, don dirayar gaba ɗaya ta matsa kusa da sifok.

Akwai kuma kacar da aka yanke ta yi gajarta, wadda in ta hau babba da babba take finciko diraya gaba har ta ɓalle. Akwai gaɓar kaca da ta ƙage ba ta lanƙwasa, ta zo ta maƙale a 'yan tayoyin. Akwai baƙar leda ko guntun waya ko kara da kaca ke kwasowa a hanya. Amma a abin da na gani, diraya ba ta cika mutuwa da kanta ba. Kusan kullum wani abu ne ya kai ta inda bai kamata ta je ba, kuma in ba a gano shi ba, sabuwar da za ka saya ma can za ta bi.

Ta karye ina tsakiyar hanya. Me zan fara yi?

Ka daina taka feda nan take, ka sauka. Kada ka ce bari in ƙara takawa ko za ta saki, takawa ɗaya na iya cinye maka sifok biyar. Kada ka tura keken gaba in ƙafar ta ƙi juyawa. Ɗaga bayan, ka juya ƙafar baya-baya a hankali har dirayar ta fita. In ka samu igiya ko ƙyalle, ɗaure ta a jikin firam don kada ta sake komawa, ka ja keken da hannu ko ka sa shi a adaidaita. Ka tsince duk abin da ya faɗi, ko ɗan mitsitsi ne, musamman guntun maratayi.

Kafin duk wannan, in kana da waya mai hoto, ɗauki hoton abin yadda yake. Za ka ga amfaninsa a gaba.

Yaya zan san dirayar ce ta mutu, ko maratayin ne kawai?

Duba inda ta rabu da keken. In babban notin yana nan a jikinta da guntun ƙarfe maƙale da shi, maratayi ne ya karye, kuma wannan labari ne mai sauƙi. A kekunan alminiyam da gangan ake yin maratayi daban, da ƙarfe mai taushi, ana ɗaure shi da ɗan noti ɗaya ko biyu, don in an samu bugu shi ya karye ya bar firam da rai. Aikinsa ke nan, kamar fis a gidan wuta.

Sai ka duba dirayar kanta. Riƙe ta ka kalle ta ta baya: 'yan tayoyin biyu su kasance a layi ɗaya, ɗaya bisa ɗaya. Tura jikinta ciki ka saki, ta dawo da ƙarfinta. Ja hannun gaba ka saki, shi ma ya dawo. In hannun ya murɗe, ko sifirin ya fita, ko jikin ya tsage, kada ka ɓata kuɗi a kanta. Hannun ƙarfe da ya ɗan karkace ana iya miƙe shi ya yi aiki, amma giyoyin ba za su sake shiga tsaf ba, kuma ni ba na son mayar wa sabon keke abin da ya riga ya ga lahira ya dawo.

Laifin wa ne? In mayar wa mai shago ko in haƙura?

Keken da kansa yake ba da shaida. In ya faɗi ta dama, za ka ga ƙwarzane a bakin feda, a ƙarshen kan keken, da kuma fuskar dirayar ta waje, sau da yawa da yashi a cikin ƙwarzanen. Wannan naka ne, ko na ɗanka, ko na abokinsa da ya ara. In babu ko ɗaya, ga L a warware ko kaca gajera, aikin haɗawa ne. In kuma ka dubi bakin karayar ka ga ƙarfen da 'yan ramuka kamar soso, tun wajen zubi aka samu matsala.

Abin da ke kashe wa mutane magana shi ne gaggawar gyara. Mutum ya kai wa mai faci na bakin hanya, an kwance, an bubbuga da guduma, an jefar da guntaye, sannan ya tafi shago yana faɗa. Mai shago zai ce masa, "Ai an riga an taɓa," kuma gaskiyarsa. Ka kai keken yadda yake, da guntayensa, da takardar saye in an ba ka. In ba a ba ka ba, wanda haka aka fi yi a kasuwa, tafi da wanda ya raka ka ciniki ko dillalin da ya haɗa ku. Kada ka bari kwanaki su ja, don kowace rana da ta wuce tana ƙara masa hujjar cewa a hannunka abin ya lalace.

Ka je da sallama. Ka nuna masa gefen keken da ba ƙwarzane, ka nuna masa notin, ka bar shi ya taɓa da hannunsa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, kayan da aka sayar da ɓoyayyen aibi wanda yake tun kafin ciniki, mai saye na da zaɓin ya mayar, kuma 'yan kasuwarmu sun san da haka ko ba ka faɗa ba. Amma ka san abin da za ka nema. Da wuya a karɓi keken da aka hau a ba ka wani. Abin da aka fi daidaitawa a kai shi ne ya ba da diraya da maratayi, kai ka biya kuɗin aiki, ko a raba. In ya ce yaronsa zai ɗaura, to, amma ka tsaya a wurin, kuma kada ka karɓa sai an ɗaga ƙafar baya an bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe a gabanka. In magana ta ƙi, akwai shugabannin 'yan kasuwa na layin. Su suka fi saurin kashe irin wannan wutar.

Alhajin nan haka ya yi, ya dawo da yamma da sabuwar diraya a leda. Yaron ne ya riƙe mini keken ina ɗaurawa.

Takardar da ke cikin kwali ta ce akwai garanti.

Garantin masana'anta na aibin ƙira ne, ba ya ɗaukar faɗuwa ko kuskuren haɗawa, kuma ta hannun wakilin kamfani ake bi. Keken da ya ratso hannu huɗu ko biyar kafin ya iso Maraɗi, garantinka shi ne mutumin da ka miƙa wa kuɗi.

A miƙe maratayin ne, ko a sa sabo? Mai walda fa?

Ya danganta da ƙarfen. In firam ɗin baƙin ƙarfe ne kuma maratayin a jikinsa yake, ana miƙe shi, yana jurewa. In na alminiyam ne mai cirewa, ƙaramar karkata ana iya gyara ta sau ɗaya, a hankali, ba da guduma ba. Alminiyam ba ya son a kai shi a dawo da shi: in ka ga farin layi ko 'yar tsaga a inda ya lanƙwashe, ya gama, ko bai rabu yau ba zai rabu gobe.

Ba da ido kawai ake miƙewa ba. Akwai ma'auni na musamman, doguwar sanda da ake ɗaurawa a ramin maratayi a zagaya da ita a auna tazararta da bakin ƙafar sama da ƙasa, gaba da baya. In babu, akwai dabara. Zaren ramin nan milimita 10 ne, iri ɗaya da na sandar tsakiyar ƙafar baya ta kekuna masu yawa. Sai a samo wata ƙafar a murɗa sandarta cikin ramin, ƙafafu biyu su tsaya gefe da gefe, a yi ta gyarawa har tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya ta ko'ina. A kula dai, sandar wasu kekunan masu araha zarenta na inci ne. In ta ƙi shiga da hannu, kada a tilasta, za a cinye zaren.

Wahalar maratayi ita ce samunsa. Siffofinsa sun kai ɗaruruwa, kowane kamfani da nasa, kuma wanda ya yi kama bai isa ba, sai wanda ya zauna daram. Sa guntayen a aljihu ka zaga da su wajen masu kayan keke, ka duba jikin matattun firam wajen masu gwanjo, ko ka ba mai zuwa Katsina ko Kano tsohon ya tafi da shi. Hoto kaɗai yana yaudara. In ka samu, sayi biyu.

Walda kuwa, a maratayin alminiyam ɓata wuta ne. A firam ɗin baƙin ƙarfe ana yi, in mai waldar ya san cewa bayan ya gama sai an sake aunawa.

Wace iri zan saya? Duk kamarsu ɗaya a idona.

Fara da ƙirga faifan baya. Keken da aka ce mai giya 21, uku ne a gaba bakwai a baya. Mai 18, shida ne a baya. Mai 24, takwas. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji in ka canza giya a madanni yake, ba a diraya ba, ita bin waya kawai take yi. Shi ya sa yawancin dirayoyin kamfanin Shimano na faifai 6, 7, 8 da 9 suke aiki a madadin juna, don jan wayarsu ɗaya ne. Daga 10 zuwa sama yawanci lissafi ya canza, sai ka nemi tata. Kada kuma ka haɗa madannin Shimano da dirayar kamfanin SRAM irin su X4 ko X5, jan wayarsu daban ne, za ka kwana kana saiti ba ta zauna ba. In madanninka tsohon yayi ne marar ƙas-ƙas, wanda kake turawa har ka ji kaca ta hau, wannan ba ya zaɓe.

Sai yadda take ɗaurewa. Wata da babban noti take shiga maratayi kai tsaye. Wata tana zuwa da ƙugiyarta, wadda ake saƙalawa a sandar ƙafa a danne da notin ƙafar. Wannan ta kekunan da ba su da maratayi ce. Mutane da yawa sun sayo wadda ba ita ba sun dawo.

Sai tsawon hannu. Keke mai faifai uku a gaba dogon hannu yake so, don rarar kacarsa da yawa. Lissafin ba wuya: in na gaba 48 da 38 da 28 ne, bambancin babba da ƙarami 20, in na baya daga 14 zuwa 28 ne, bambanci 14, jimla 34. Dirayar da za ka saya ta iya tattare haƙora 34 ko fiye. Ka kuma ƙirga haƙoran babban faifan baya, don akwai masu 28, akwai masu ƙaton faifai mai 34, kuma ba kowace diraya ke iya hawa wannan ba.

A jerin Shimano na kekunan yau da kullum, Tourney ce ta ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore. Ga ɗan lakwal ko mai zuwa kasuwa, Tourney ta gaske ta isa. Sa Deore a keken da firam ɗinsa bai kai kuɗinta ba, kwalliya ce kawai.

Ta gaske da jabu fa?

Ta gaske tana da lambar samfuri a bayanta, mai farawa da RD, kamar RD-TY300 ko RD-M310, rubutun a fili ba a dagule ba. Jabu wani lokaci harafi ɗaya ake sauyawa a sunan, sai ka karanta da kyau. Ganin an rubuta ƙirar Sin ba shi ne shaida ba, don kamfanin na Japan ne amma yana da masana'antu a Sin da Malesiya da Singafo. Ni da hannu nake ganewa: kama hannun ka girgiza shi gefe da gefe. In sabuwa ce tana kaɗawa kamar haƙorin tsoho, ajiye musu abinsu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai gyara ya ce sai na canza kaca da sifok. Ba cuta ba ce?

Wataƙila ba cuta ba ce. Kacar da aka finciko tana murɗewa. Shimfiɗa ta a ƙasa, in ka ga wani wuri ya karkace ko gaɓa ta buɗe baki, a cire wurin ko a canza ta duka. In an cire gaɓoɓi, a tabbata ba ta yi gajarta ba: a zagaya ta a babban faifan gaba da babban na baya ba tare da ta bi ta diraya ba, inda bakin biyu suka haɗu a ƙara gaɓa biyu. Wannan ne tsawonta.

Sifok kuma, duba na gefen haƙora, can gindi kusa da tsakiya. In kaca ta faɗa wurin tana yi musu tabo, kuma sifok mai tabo zai tsinke bayan 'yan makonni, ɗaya bayan ɗaya. Ka ce ya nuna maka tabon. In ya nuna, biya.

Zan iya ɗaura ta da kaina?

Za ka iya, in kana da haƙuri da alanki mai lamba 5, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida, da ƙaramar sukudireba. Amma sai maratayi ya miƙe tukuna, in ba haka ba duk abin da za ka yi aikin banza ne.

Fara murɗa babban notin da yatsu, kada ka sa ƙarfi sai ka ji ya kama zare daidai, kuma ka ja jikin dirayar baya don ɗan notin da ke bayanta ya zauna a kan tudun maratayi, kada ya danne shi ta gefe. Zura kaca ta gaban 'yar tayar sama, ta bayan ta ƙasa. Tsakaninsu akwai ɗan harshen ƙarfe a jikin hannun. In kaca ta bi ta bayansa za ta yi ta gurzarsa tana kuka, kuma wannan kuskuren har masu gyara na yin sa.

Kafin ka ɗaura waya, saita H: tsaya a baya ka murɗa shi har 'yar tayar sama ta zo daidai ƙarƙashin ƙaramin faifai. Sannan ka juya feda da hannu, ka tura dirayar da babban yatsa har kaca ta hau babban faifai, ka ƙara turawa da ƙarfi. In ta wuce, ɗaure L. Ka yi ta ɗaurewa kaɗan-kaɗan har ya zama kaca na hawa babban faifai amma ko ka tura iya ƙarfinka ba ta ƙara gaba. Nan ne wurin da za ka ɓata lokaci, kada ka yi sauri.

Yanzu mayar da madanni giyar ƙaramin faifai, ja waya ta miƙe, ɗaure ta a ƙarƙashin notinta ta cikin 'yar kwarin da aka yi mata. Danna sau ɗaya. In kaca ta yi nauyin hawa faifai na biyu, waya ta yi sako-sako: warware ɗan maƙogwaron da waya ke shiga ta cikinsa, rubu'in juyi a kowane karo. In ta hau har tana gogar na uku, mayar da shi ciki. Daga ƙarshe, kaca na kan babban faifai, murɗa notin bayan nan har tazarar 'yar tayar sama da haƙoran ta kai kamar milimita 5 ko 6.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: in giya ta ƙi shiga daidai a tsakiya, kada ka taɓa H da L. Ba ruwansu da wannan, aikin waya ne. Da yawa daga dirayoyin da suka shiga sifok, wani ne ya ga noti biyu ya ce bari ya gwada.

In na gaji, ba za a cire ta gaba ɗaya ba a mayar da shi keken giya ɗaya?

Ana yi, kuma ba abin kunya ba ne. Cikin garin nan hawa kaɗan ne, yaron da ke zuwa lakwal daga unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba ya bukatar giya 21. Sai dai a yi shi yadda ya kamata. Duba ramin da sandar ƙafa ke shiga: in dogo ne a kwance, ana iya ja da ƙafar baya a ɗame kaca, aiki ya yi. In gajere ne yana kallon ƙasa, ba wurin ja, kaca za ta yi ta faɗuwa sai an sa mata abin ɗamewa.

Gajarta kaca a bar ta a faifan tsakiya dabarar isa gida ce kawai. Haƙoran nan an ƙera su ne don kaca ta riƙa tsallakawa, wata rana za ta haye faifan da ya fi girma ta ɗame kamar tsirkiya, ta lanƙwasa sanda. In na dindindin kake so, a cire haƙoran a ɗaura faifai ɗaya mai 16 ko 18, a daidaita shi da na gaba su kalli juna, a kuma duba kaurin haƙoransa, don da yawansu kacar baƙin keke mai faɗi suke ɗauka, siririyar kacar giya ba ta zama a kansu. Keken da ke da sifirin a tsakiyar firam kuwa, kada a yi masa wannan ba tare da abin ɗamewa ba, don tazarar ƙafarsa na canzawa duk lokacin da ya faɗa rami.

Farin faifan robar nan da ke bayan haƙora, yara na cewa ƙauyanci ne.

Bar shi. Shi ne katanga tsakanin kaca da sifok.

Baƙin mai yana da kyau a kaca?

Shi kowa ke zubawa don kyauta ne wajen masu gyaran moto, amma a garin yashi illarsa ta fi amfaninsa. Yana kama ƙura ya zama kamar ƙullun niƙa, ya cinye kaca, ya cinye 'yan tayoyin diraya har haƙoransu su yi tsini, ya toshe gaɓoɓinta ta daina dawowa. Lokacin hunturu abin ya fi muni. Wanke kaca da kananzir da tsohon buroshi, bar ta ta bushe, ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, sannan ka goge bayanta da tsumma sosai. Man da ke ciki ne ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira.

In kana son sanin ko kaca ta tsufa, sa ma'auni a tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga 20 bayanta. Sabuwa santimita 25.4 ce. In ta kai 25.6, canza ta kafin ta ci haƙoran.

Zan aika keken ƙauye a saman mota.

Nan ne maratayi da yawa ke lanƙwashewa ba wanda ya sani. Yaron mota zai kwantar da shi yadda ya samu, ya ɗora buhu, ya ja igiya. Ka tsaya a kansa a tasha: a kwantar da keken ta hagu, gefen kaca na kallon sama, kada a ɗora komi a kan ƙafar baya. In tafiyar mai nisa ce, kamar Dakwaro ko Damagaram, kwance babban notin nan ɗaya, ka naɗe dirayar da tsumma ka ɗaure ta a cikin firam. Ba sai ka cire waya ko kaca ba, in an isa a mayar. A gida ma haka, a koya wa yara su jingina shi ko su kwantar da shi ta hagu.

Yarona ya ce yana jin ƙis-ƙis a baya, amma keken na tafiya. In bari sai ya lalace?

Tambaye shi a wace giya. In a tsakiya ne, yawanci waya ce ta saki, don sabon keke cikin makonnin farko rigar wayar na zama a mazauninta, saiti ya ɗan gudu. Juyi ɗaya ko biyu na maƙogwaron nan ya isa. In kuwa a giyar sauƙi ta ƙarshe ce, kuma ƙarar na bin juyin ƙafa, tin-tin-tin kamar ana kaɗa cokali a kwano, hannun diraya ne ke taɓa sifok. Ya sauka daga wannan giyar, kada ya sake shiga ta, ku kawo shi yau.